Shekarar da Ba Mu Sa Wutar Raɓa Ba

Yau da na fito daga sallar asuba ban wuce gida kai tsaye ba. Na zaga ta bayan gari, na cusa hannu cikin gamba kamar yadda nake yi kowace safiya tun da aka fara yankan dawa. Hannun ya fito da danshi, amma ba irin na makon jiya ba, lokacin da raɓa ke jiƙa wa mutum riga har kafaɗa. Na kama kara ɗaya na lanƙwasa. Ya lanƙwasu, sai dai kafin ya kai ƙarshe ya yi ɗan ƙara ya tsage ta gefe. Na dawo na ce wa 'ya'yana gobe za a sa wuta. Babbansu ya ce akwai sauran wake a gona, a bari sai bayan Juma'a. Na ce masa gobe.

Wutar da nake nufi ita ce muke kira wutar raɓa a nan yankinmu, tsakanin Fagam da Zandam. Idan ruwa ya ɗauke, kowa ya yanki gambar zana da shucin jinka gwargwadon bukatarsa, sai maza su nome 'yar siririyar hanya kewaye da gari da gonaki. Ranar da aka sa, a fito da sassafe a cinna wa ciyawar da ke bayan hanyar wuta tun raɓa ba ta bushe ba. Irin wannan wuta hayaƙinta ya fi harshenta yawa. Ba ta wuce gwiwa, mutum ɗaya da reshen kalgo a hannu yana iya tafiya kusa da ita yana gyara mata hanya, kuma kafin hantsi ta mutu da kanta. Abin da take bari shi ne baƙin fili mai faɗi. In babbar gobarar daji ta taso daga baya, tana isowa nan sai ta rasa abin ci. Kwanakin wannan aiki ba su fi goma ba a shekara. Kafin su ciyawa ba ta kamawa, bayan su kuma babu mai iya riƙe ta.

Sau ɗaya a rayuwata na ga an bar kwanakin nan sun wuce, kuma da bakina aka bar su.

Shekara arba'in ke nan ko da 'yan kai. Ban fi shekara talatin ba a lokacin. Mahaifina ya rasu da bazara, gandu ya dawo hannuna da baki tara. Shekarar da ta gabaci waccan ruwa ya ɗauke dawa na cikin fidda kai, saboda haka muka shiga damina rumbu ba komai. Da kwaɗon tafasa da rama muka yi noman fari da maimai. Na tuna ina duƙe a kunya, in na ɗago sai gonar ta juya mini, in dafa ƙotar fartanya har idona ya washe. Amma Allah ya saukar da ruwa yadda ake so, daidai da daidai, har ƙarshe. Dawarmu kaura ta yi kan da sai da kara ya sunkuya. Muka yanke, muka ɗaure, dammuna suka cika gonaki. Mutanen da suka yi wata huɗu ba su ƙoshi ba suka fara dariya da ƙarfi.

Cikin wannan hali fatake suka dawo daga kasuwar Gwaram da labari: mahara sun sauko daga duwatsun kudu, sun faɗa wa wani ƙauye mai nisan tafiyar kwana biyu daga gare mu. Sun kwashi mutane, sun cinna wa rumbuna wuta. Ba sabon abu ba ne a zamanin, amma bai taɓa matsowa kusa haka ba. Masu dangi a cikin ganuwar Birnin Kudu suka tura mata da yara can. Mu da ba mu da kowa sai kafin ƙaya da itace, muka taru a gindin tsamiyar ƙofar mai gari bayan la'asar.

Ni na kawo shawarar. Na ce mahari abu biyu yake nema: hayaƙi daga nesa, rumbu in ya iso. Don haka bana kada a sa wutar raɓa, kada kuma a zuba dawa a rumbu. A kwashe dammuna a kai su cikin gambar gabas da gari, wadda ta fi mutum a kan doki tsawo, a tsiba su a can. Ko sun zo sun ƙone rumbuna, fanko suka ƙona.

Baffa Sale, ƙanin mahaifina, shi ne Sarkin Noma, kuma shi ke sa ranar wuta tun kafin a haife ni. Ya bari na gama sannan ya ce, "Hamidu, ka taɓa ganin abin da gamba ke yi in ta bushe?"

Na ce, "Na gani, Baffa."

"Daga nesa ka gani, kana tsaye a kan baƙin da muka ƙona maka. Mahara ko su zo ko kada su zo. Gobara kuwa, tun ina yaro ban ga shekarar da ta fasa zuwa ba."

Wani daga baya ya ce, "Sarkin Noma, gobara dai ba ta ɗaure mutum da igiya ta kai shi kasuwa."

Ba wanda ya yi dariya, amma na ga kawuna suna gyaɗawa. Jauro Buba, wanda rugarsa ke bakin rafi tun zamanin kakanninmu, ya ce, "To shanuna fa? In ba a ƙona ba toho ba zai fito ba. Busasshen kara za su ci har bazara?"

Aka ce masa, "Kwantar da hankalinka, Jauro. In baƙin sun zo su za su kiwata maka su."

Mai gari ya bi maganata. Baffa bai ƙara gardama ba, abu ɗaya kawai ya roƙa: kowa ya tsiba dawarsa ta wannan gefen burtali. Burtalin shi ne hanyar da shanun Jauro ke bi zuwa ruwa. Ya miƙe daga gindin dutse a arewa har rafi a kudu, ya raba gambar gida biyu, ƙasarsa a dake take ba ciyawa. Kowa ya yi yadda Baffa ya ce, ban da ni. Na lissafa cewa in mahara sun biyo burtali, gefen gari za su riƙa dubawa. Sai na tsallaka, na ƙirga taku ɗari da hamsin cikin gamba ta gabas, na tsiba dawar gidanmu a can. Kwana huɗu muna jida.

Da na gaya wa Baffa, sai ya ce, "Ka share kewayenta?"

Na ce, "In na share ai na nuna ta."

Ya dube ni, ya ci gaba da gyaran ƙotar gatarinsa.

Maiɗakina kuwa, Allah ya jiƙanta, ta ware zangarniyoyin da muka zaɓa na iri ta hana a fita da su. Ta ce, "Malam, iri ba ya kwana a daji. Ban taɓa gani ba a gidanmu." Ta ɗaure su a jinkar madafi, saman murhu, inda hayaƙi ke kore musu ƙwari. Na ga abin bai kai na magana ba, na ƙyale ta.

Daga nan muka shiga jira. Aka hana girki da rana. Mata su hura wuta kafin gari ya waye da busasshen itace, su kashe da zarar tuwo ya nuna, a ci da sanyinsa da yamma. Daka ma a cikin ɗaki ake yi don kada a ji taɓarya daga nesa. Maza biyu kullum a kan dutse suna duban kudu. Duk kwana uku nakan je in ɗauko dami ɗaya, kuma ba na bin inda na bi jiya, don kada sawuna ya zama hanya. Ga abinci mun noma, amma muna cin sa kamar na sata.

Raɓa ta yi ta raguwa har ta ɗauke. Kuka ta zubar da ganye. Leɓuna suka tsattsage, guga ya fara neman ƙarin igiya. Iska ta koma busowa daga gabas, tana tashi da hantsi, ba ta kwanciya sai la'asar sakaliya. Abin da na fi lura da shi shi ne muryar gambar. Da farko in iska ta bi ta kanta wani laushin sauti take yi kamar ana shafa tabarma. Daga baya ta koma ƙaras-ƙaras. In ina cikinta da dami a ka, ganyenta na yankar mini wuya, ƙamshinta kuma ya zama na busasshen jinka.

Baffa bai daina fita da asuba ba, ko da yake ba ranar da zai sa. Ya taɓa ciyawa, ya karya kara, ya watsa toka sama ya ga inda ta nufa. Wata safiya ya shigo zaurenmu, ya ajiye kara ɗaya a kan tabarmata. Karan ya karye gida uku, kowace gaɓa fes, ba ko zare. Ya ce, "Ranar wuta ta wuce." Ya fita.

A kwanakin ne na ga burtali yana ƙara faɗi. Shanun Jauro sun daina bin tsakiya, suna tattake gambar gefe da gefe safe da yamma. Na tare shi na ce, "Jauro, kana buɗe mana baya."

Ya ce, "Saniya ba ta san gefe ba, Malam Hamidu. In kana jin yarenta, zo ka yi mata bayani."

Sai daga baya na san Baffa ne ya roƙe shi.

Ranar da abin ya zo Talata ce, bayan azahar kaɗan. Masu gadi suka yi kururuwa daga kan dutse. Gari ya ruɗe, mata suka suri yara, maza muka fito da kwari da baka muna duban kudu. Sai ga Jauro a guje daga wajen rafi, sandarsa a hannu, yana cewa, "Ku ajiye bakan nan! Gabas za ku duba!"

Shirwa ce muka fara gani, da yawa, suna shawagi wuri ɗaya suna faɗowa suna tashi. Farar da wuta ke korowa suke kamawa. A ƙarƙashinsu hayaƙi ya tokare sama, ƙasansa ja-ja. Kafin mu gama kallo baƙar toka ta fara sauka a kan rigunanmu, siririya, wata da siffar ganyen gamba ba ta ko karye ba. Zomaye suka ratsa gonaki ba su damu da mu ba. Can ƙasa-ƙasa kuma akwai wani sauti kamar ruwan sama mai ƙarfi yana tahowa daga nesa.

Mai gari ya juya ya dubi Baffa. Baffa ya ce maza su sari rassan kalgo, su jeru a burtali daga dutse har rafi. Mata su ɗebo ruwa a tuluna, su jiƙa zana su rufe tsibin dawa. Za a tari waccan wuta da wata: a cinna wa gambar gabas daga bakin burtali, ta ci ta nufi babbar, kafin babbar ta iso ta tarar da ciyawa a tsaye. Faɗin burtali kaɗai ba zai tsayar da ita ba, tsallake shi za ta yi kamar ba ya nan.

Muna isa na matsa kusa da shi na ce, "Baffa, dawata tana can."

"Na sani."

"Ba ni mutum goma. Sawu biyu za mu yi."

Ya ɗebi toka daga 'yar jakarsa ya watsa. Iska ta maido mana ita a fuska. Ya ce, "Dubi tsawon burtalin nan, ka dubi yawanmu. In na cire goma, ta inda suka tashi za ta tsallaka. Kuma ko sawu ɗaya ba za ku gama ba."

"To ni kaɗai zan je. Ko dami biyu ne."

"Je ka. Amma ka sani ba zan sa wuta kana ciki ba. Zan tsaya, kowa ma ya tsaya, har waccan ta same mu a nan da dawar gari duka a bayanmu."

Na dubi gambar. Na san daidai inda tsibin yake, da akwai wata 'yar marke kusa da shi da nake gane wurin da ita. Ina ganin kanta daga inda nake. Tafiyar da ba ta kai a karanta Fatiha uku ba ce. Na tuna jirin da na sha a kunya, da baki tara da ke gida. A bayana kuma ina jin mata suna sauke tuluna, wata tana kiran sunan Allah ba ƙaƙƙautawa.

An riga an ƙyasta an kunna damin ciyawa. Baffa ya karɓa ya miƙo mini.

Na ce, "Miƙa wa wani ya sa."

Ya ce, "A'a. Ba zan bar wani ya ƙona maka abinci ka riƙe shi a zuci har kabari ba. Kai za ka sa. Fara daga nan, daidai saitin dawarka, ka yi kudu. Ni zan yi arewa."

Na karɓa. Na yi bisimilla na kai wutar gindin gamba. Ba ta yi jinkirin da na saba gani a wutar raɓa ba, kamawa ɗaya ta yi ta haura sama da kaina. Na ja damin a ƙasa ina sauri, tana tashi a bayana. Iska tana turo harshenta kanmu, ita kuma tana cin ciyawa a hankali tana ja da baya ta nufi gabas. Tartsatsi ya riƙa tsallake burtali yana faɗawa gefenmu, duk inda ya sauka mutum biyu su rufe shi da kalgo. Ba a jin maganar kowa sai tari. Gashin hannuna ya ƙone, miyau ya ƙafe a bakina. Tsibi ɗaya na gefen gari ya kama ta sama, maiɗakina da wasu mata uku suka jefa masa jiƙaƙƙen zana suka hau kai da ƙafa. Tabon ranar yana tafin hannunta har ta rasu.

Baƙin da ke gabanmu ya yi taku ashirin, ya yi arba'in. Babbar wutar ta fito sarari, tsawonta ya kai na bishiyar ɗorawa, ƙararta ta cika kunne. Sai iska ta tsaya cik. Baffa ya ɗaga murya ya ce, "Ku ja baya, ku rufe fuska! Yanzu babbar za ta ja tamu!" Iskar ta juyo daga bayanmu. Wutarmu da ke rarrafe ta miƙe tsaye ta ruga gabas da gudu. Suka haɗu a wajen 'yar marken nan, suka yi sama tare, zafin ya buge mu har muka durƙusa. Da muka ɗago, babu komai tsakaninmu da dutsen gabas sai baƙin fili da kututture masu hayaƙi.

Wuri ɗaya ne kawai hayaƙinsa ya bambanta, fari ne mai kauri, yana tashi a hankali. Iska ta kawo mana ƙamshinsa, irin na tumu in ana gasa shi. Kowa ya ji. Ba wanda ya dubi inda nake. Jauro ne ya zo ya tsaya kusa da ni, ya miƙo mini gorar ruwansa.

Kwana uku tsibin yana ci ta ciki. Da ya huce muka tone da fartanya, muka sheƙe, muka sami abin da bai fi kwando shida ba daga can tsakiya, rabi gasasshe rabi gawayi. Tuwonsa baƙi ne mai ɗaci, yana maƙale wa mutum a maƙogwaro. Yara suka ƙi shi kwana ɗaya, rana ta biyu suka ci. Tun da gamba ta tafi ba sauran abin ɓoyo, mutane suka kwashe dawarsu suka kai rumbu, kuma kowane gida in sun zo wucewa sai su jingine dami a ƙofar zaurenmu ba tare da sallama ba. Bai kai mu damina ba. Na yi ƙodagon sharar gona a Kiyako da bazara, muka sake komawa kan tafasa. Amma da ruwan shuka ya sauka, maiɗakina ta hau turmi ta kwanto zangarniyoyin nan daga jinka, sun yi baƙi da hayaƙi, ƙwayarsu lafiya lau. Da su muka yi shuka.

Mahara ba su zo ba a shekarar. Sun zo bayan shekara uku, da damina, ta hanyar da ba wanda ya zata. Wanda ya tayar da gobarar kuma ba mu taɓa sani ba, wasu sun ce masu cin zuma ne, wasu sun ce mafarauta.

Da kaka ta zagayo, Baffa ya riƙa tsayawa a ƙofarmu bayan asuba yana gyaran murya har in fito. Shekara bakwai ina bin sa kafin ya rasu. A wajensa na koyi cewa gambar tudu tana riga ta fadama bushewa da kwana huɗu ko biyar, cewa shekarar da ruwa ya yi yawa ita ce ta fi haɗari don ciyawa ta fi kauri, kuma safiyar da toka ta ƙi faɗowa kusa da ƙafarka ba safiyar wuta ba ce ko da raɓa ta sauka. Bai taɓa tayar mini da maganar tsibin nan ba.

Yanzu gonaki sun ci rabin inda gambar take, burtalin ma ya matse. Samarin da za su riƙe kalgo gobe ba su taɓa ganin wutar da ta fi gwiwa ba, shi ya sa suke yin aikin suna hira da tsokanar juna, wani ma da rake a baki.

Ɗazu bayan la'asar babban ɗana ya shigo da rungumar rassan kalgo ya zube a zaure. Ya bar waken ke nan. Ya ce, "Baba, in aka wayi gari raɓa ba ta sauka ba fa?"

Na ce, "To ba za a sa ba. Sai mu ɗauki fartanya da lauje mu kewaye garin nan da hannu, ko zai kai mu wata guda."

Ya dubi wajen gabas. Sannan ya tambaye ni daga ina za a fara. Na ce daga burtali, daidai saitin inda wata marke take a da.